Gasar da aka kwashe wa manya har sau uku: tambayoyi da amsoshi kan Southern League ta Ingila

Duk wanda ya saba zaman gidan kallo ranar Asabar ya san Tottenham da West Ham da Brighton da Crystal Palace da Fulham da Brentford. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akwai zamanin da babu ko ɗaya daga cikinsu a babbar gasar Ingila. Suna buga wata gasa ce ta yankin kudu mai suna Southern League. Gasar tana nan da ranta har gobe, sai dai yanzu a mataki na bakwai da na takwas take, inda ɗan wasa kan tashi daga wurin aikinsa da yamma ya wuce atisaye. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da yadda ta gangaro daga can zuwa nan.

Wace gasa ce wannan, kuma me ya sa aka kafa ta?

Lokacin da aka kafa babbar gasar Ingila, wato Football League, a 1888, ƙungiyoyi 12 ne a cikinta, kuma dukkansu daga arewa da tsakiyar ƙasar suke. Can ne masana'antu suke, can ne ma'aikata ke cika fili, can ne aka fara biyan ɗan wasa albashi. Kudu, har da Landan, tana hannun masu ganin cewa karɓar kuɗi don buga ƙwallo zubar da mutunci ne. Arsenal, wadda a lokacin ake kira Royal Arsenal, ta nemi a kafa gasar kudu a 1892, maganar ba ta karɓu ba, sai ta tattara ta shiga gasar 'yan arewa a 1893. Millwall ce ta sake ɗaga maganar, kuma a 1894 aka fara Southern League da rukuni biyu. Millwall ɗin ce ta cinye kaka biyu na farko. Cikin waɗanda aka fara da su akwai Southampton da Luton da Reading da Swindon.

Da gaske ta taɓa yin kafaɗa da kafaɗa da babbar gasa, ko dai cika baki ne irin na masu tuna baya?

Ba cika baki ba ne. A 1901 Tottenham, tana ƙungiyar Southern League, ta ɗauki Kofin FA. Ta yi 2-2 da Sheffield United a gaban mutum fiye da 110,000, aka sake wasan a Bolton ta ci 3-1. Tun daga 1888 zuwa yau babu wata ƙungiya daga wajen babbar gasa da ta sake yin haka. Southampton ta kai wasan ƙarshe sau biyu, a 1900 da 1902, kuma ta lashe gasar kudun sau shida tsakanin 1897 da 1904.

Wata shaidar ita ce wasan buɗe kaka da ake kira Community Shield a yau. Da aka fara shi a 1908, tsarinsa shi ne zakaran Football League ya kara da zakaran Southern League, kamar sarakunan gari biyu. Manchester United da Queens Park Rangers ne suka buɗe shi, sai da aka sake wasa kafin United ta yi nasara. A 1910 kuwa Brighton ta doke Aston Villa da ci ɗaya mai ban haushi. Herbert Chapman, wanda daga baya ya gina Arsenal ta zama abin tsoro, a nan ya fara nuna gwanintarsa, da ya kai Northampton ga kambun 1909. Har Chelsea, da aka kafa ta a 1905, ƙofar Southern League ta fara ƙwanƙwasawa, aka ƙi karɓarta saboda maƙwabta sun nuna ba sa so, sannan ta juya ga babbar gasa.

To me ya faru a 1920?

An ɗebe rukunin farko na gasar gaba ɗayansa. Football League ta buɗe rukuni na uku, ta cika shi da ƙungiyoyi 21 daga Southern League, ta ƙara da Grimsby Town wadda ta faɗo daga sama, suka zama 22. Cardiff City ma ta tafi, amma ita kai tsaye aka ba ta gurbi a rukuni na biyu. Portsmouth, zakaran kakar 1919-20, tana cikin masu tafiya, haka Southampton da Crystal Palace da Brighton da Watford da Norwich da Brentford da Swansea da Millwall, wadda ita ta haifi gasar. Crystal Palace ce ta fara lashe sabon rukunin.

Masu tuna wasan ƙarshe na Kofin FA na 2008, wanda Nwankwo Kanu ya zura ƙwallo ɗaya tilo da ta ba Portsmouth nasara a kan Cardiff, su sani cewa ƙungiyoyin biyu tare suka fice daga Southern League a shekara guda.

Me ya sa suka tafi, alhali gasar tasu tana da daraja?

Bangon ya daɗe da tsagewa. Bristol City ta fice a 1901. Fulham ta cinye gasar a 1906 da 1907, ta tafi. Tottenham ta bi sahu a 1908, West Ham a 1919. Duk wadda ta yi ƙiba sai ta kama hanya, domin a wancan zamani babu kuɗin talabijin, babu na talla; abin da aka tara a ƙofa shi ne abincin ƙungiya. Zuwan Aston Villa ko Newcastle filinka ya fi zuwan maƙwabcinka kawo 'yan kallo nesa ba kusa ba. Jiragen ƙasa kuma sun rage wahalar tafiya arewa, don haka hujjar a zauna a yanki don gudun nisa ta yi rauni. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya mutane suka dawo filaye da ƙishirwar ƙwallo, babbar gasa tana faɗaɗa, waɗanda suka rage a kudu suka ga in ba su shiga yanzu ba, za a ci gaba da tsince su ɗaya bayan ɗaya. Sai suka gwammace su tafi a dunƙule.

Da wa aka ci gaba da wasa bayan tafiyarsu?

Nan ne abin ya fi ban tausayi. Ƙungiyoyin da suka tafi sun bar tawagoginsu na biyu, wato 'yan benci da matasa da masu dawowa daga rauni, su riƙe musu wuri. Aka raba gasar gida biyu, ɓangaren Ingila da ɓangaren Wales. Zakaran kakar farko, 1920-21, ita ce tawaga ta biyu ta Brighton. Kaka ta gaba ta Plymouth ce ta ɗauka. Ka duba: shekara 10 kacal da Brighton ta doke zakaran Ingila da sunan wannan gasa, ga shi yaranta ne ke ɗaga kofin.

Gasa irin wannan tana da cuta biyu. Ta farko, ɗan kallo ba ya ɗaukar wasa da 'yan benci da muhimmanci, ko da sun fi ƙungiyar garinsa iyawa. Ta biyu, ƙarfin tawaga ta biyu yana sauyawa mako zuwa mako: yau a turo maka yara, gobe a turo ɗan wasan ƙasa da ke gwada ƙafarsa. Teburin da aka gina a kan haka ba ya faɗin gaskiya. Duk da haka, da babu gara ba daɗi. Ba don waɗannan tawagogi ba, da wuya a iya haɗa jadawalin kaka guda a shekarun farko. A 1923 aka sake fasali zuwa gabas da yamma, aka yi ta sauye-sauye har yaƙi na biyu ya zo. Sai bayansa ne ƙungiyoyin garuruwa suka karɓe ragamar sosai, tawagogi na biyu suka riƙa raguwa har suka ɓace daga gasar.

Ko a wancan hali ma ɗiban bai tsaya ba. Charlton ta shigo a 1920 ta fice a 1921. Boscombe, wadda ita ce Bournemouth ta yau, ta tafi a 1923, Torquay a 1927, Ipswich a 1938.

Ke nan wanda ya lashe gasar yana haurawa kai tsaye?

A'a, kuma wannan ne zuciyar labarin. Tun daga 1920 har zuwa 1987, babu ƙungiyar da ke shiga Football League don kawai ta ci gasarta. Ƙuri'a ake jefawa. Ƙungiyoyin da suka ƙare a ƙasan rukunin ƙarshe za su roƙi a sake zaɓensu, na waje kuma su nemi a ba su gurbi, sannan shugabannin ƙungiyoyin da ke ciki su kaɗa ƙuri'a a taron shekara. Wa ka ga zai kori ɗan'uwansa, alhali ya san wata rana shi ma zai zo da ƙoƙon bara? Hartlepool ta nemi a sake zaɓenta har sau 14, kuma ba a taɓa korarta ba.

Daga 1958, da aka kafa rukuni na huɗu, zuwa 1986, sababbin ƙungiyoyi shida kawai suka samu shiga. Huɗu daga cikinsu 'yan Southern League ne: Oxford United a 1962, Cambridge United a 1970, Hereford United a 1972, Wimbledon a 1977. Sauran biyun su ne Peterborough da Wigan. Ita Oxford ma sa'a ta taka, domin Accrington Stanley ce ta durƙushe saboda bashi a tsakiyar kaka, gurbi ya buɗe da kansa.

Labarin Hereford ya fi kowanne nuna yadda tsarin yake. A kakar 1971-72 Chelmsford City ce zakara, Hereford ta zo ta biyu. Amma a watan Fabrairun 1972 Hereford ta fitar da Newcastle daga Kofin FA da ci 2-1, a fili mai taɓo, da wata ƙwallo da Ronnie Radford ya ɗirka daga nesa wadda har yau ake nunawa a talabijin duk lokacin da kofin ya zagayo. Ƙasa duka ta gani. Da aka zo ƙuri'a, Hereford aka ɗauka a madadin Barrow, zakara kuma ta zauna a gida. Saƙon da kowace ƙungiya ta karanta shi ne, wata tara na wahala a gasa bai kai yammaci ɗaya a gaban kyamara ba. Babu abin da ke rage wa kofi daraja kamar wannan.

Yeovil ta ci gasar a 1955 da 1964 da 1971, ta yi ta nema ana hana ta. Sai a 2003 ta shiga, bayan an soke ƙuri'ar da daɗewa.

Waɗanda suka samu shiga, sun yi abin a zo a gani?

Sun yi. Ipswich ta zama zakaran Ingila a 1962 a hannun Alf Ramsey, ta kuma ɗauki Kofin UEFA a 1981 a hannun Bobby Robson. Oxford ta ci League Cup a 1986. Wimbledon, wadda ta lashe Southern League sau uku a jere daga 1975 zuwa 1977, ta isa rukunin farko a 1986, shekara tara kacal da shigarta, sannan ta doke Liverpool 1-0 a wasan ƙarshe na Kofin FA na 1988, John Fashanu na cikin 'yan wasanta a ranar. Duk wannan bai ƙara wa gasar da ta rene su ko kwabo ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

In haka ne, me ya hana gasar mutuwa?

Abu na farko shi ne garuruwan kansu. Kudancin Ingila da tsakiyarta da kudancin Wales cike suke da garuruwa masu matsakaicin girma da ba su da wakili a babbar gasa: Bath, Worcester, Kettering, Weymouth, Chelmsford, Yeovil. Mutumin Worcester yana son ya ga Worcester ta doke Hereford ko da duniya ba ta san ana yi ba. Tafiyar manya ta buɗe wa irin waɗannan wuri, faɗuwar wani tashin wani. Da Southampton da Portsmouth suna nan, da ƙaramin gari bai taɓa jin ƙanshin kambu ba.

Na biyu shi ne Kofin FA, wanda ƙofarsa ba ta taɓa rufuwa ba. Yeovil ta fitar da Sunderland a 1949 a filinta mai gangara. Worcester City ta doke Liverpool 2-1 a 1959. Wimbledon ta je gidan Burnley ta ci a 1975, ta kuma riƙe Leeds, zakaran Ingila a lokacin, canjaras a gidan Leeds ɗin, bayan mai tsaron raga Dickie Guy ya tare fenariti. Wasa ɗaya irin wannan kan biya bashin ƙungiya na shekara, ya kuma tuna wa 'yan gari cewa tazarar ba ta kai yadda ake faɗa ba.

Na uku, gasar ta zama masaukin tsofaffin taurari da makarantar masu horarwa. John Charles, wanda ya yi suna a Juventus, ya zo Hereford yana wasa yana horarwa. Tommy Lawton ya kai Kettering ga kambun 1957. Jock Stein, wanda daga baya ya ci Kofin Turai da Celtic, ya taɓa buga wa Llanelli a nan. Ron Atkinson ya yi kyaftin a Oxford, ya fara horarwa a Kettering kafin hanya ta kai shi Manchester United. Kafin 1961 akwai ƙa'idar iyakar albashi a Football League, don haka ɗan wasan da ya haɗa kuɗin ƙwallo da na wata sana'a a ƙaramin gari ba lallai ya yi asara ba.

Talauci kuma yana koya dabara. A Janairun 1976, a wasan Southern League da Bath City, Kettering Town ta fito da sunan wani kamfanin taya a ƙirjin rigarta, abin da babu ƙungiyar Ingila da ta taɓa yi. Hukumar FA ta ce a cire. Derek Dougan, wanda ke jan ragamar ƙungiyar, ya goge wasu haruffa ya bar "Kettering T", ya ce ai sunan ƙungiya ne. Ba a yarda da wayon ba, amma a 1977 hukumar ta halatta talla a riga. Duk rigar Firimiya da ka gani da sunan kamfani a gaba, daga wannan lungu al'adar ta faro a Ingila.

An ce an sake kwashe mata manya a 1979. Yaya aka yi?

Wannan karon su da kansu suka shirya tafiyar. Matsalar ita ce, duk shekara ƙungiyoyin waje da yawa ke neman gurbi a lokaci guda, ƙuri'a ta rarrabu, na ciki su tsira. Sai aka ce a haɗa manyan kudu da na arewa a gasa ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, domin a riƙa tsayar da ɗan takara guda wanda babu mai musun cancantarsa. Aka kafa Alliance Premier League da ƙungiyoyi 20: 13 daga Southern League, bakwai daga Northern Premier League. Worcester, zakaran 1979, ta tafi, haka Kettering da Yeovil da Bath da Weymouth da Barnet da Telford da Maidstone. Wannan gasa ce aka sauya wa suna zuwa Conference, yau kuma ake kira National League.

Southern League ta rasa babban rukuninta har na kaka uku. Ta koma rukuni biyu na yanki, sai a 1982 ta sake kafa na sama. Su ma masu tafiyar ba su ga biyan buƙata nan take ba. Altrincham ta ci sabuwar gasar a 1980, amma a zaɓen shiga Football League ta sha kaye a hannun Rochdale da ƙuri'a ɗaya tak. Sai a 1987 aka buɗe ƙofa, Scarborough ta haura, Lincoln City ta faɗo, ba tare da an tambayi ra'ayin kowa ba.

Na ukun fa? Kuma a wane hali take yanzu?

A 2004 aka sake saka wani bene a tsakani, rukunin arewa da na kudu na Conference, aka cika su da mafi ƙarfin ƙungiyoyin Southern League da na takwarorinta biyu, Northern Premier da Isthmian. Gasar da ta taɓa aika zakaranta ya kara da Manchester United ta koma mataki na bakwai.

Tun 2018 rukuni huɗu gare ta: biyu a mataki na bakwai, biyu a na takwas, kowane mataki an raba shi tsakiya da kudu don rage nisan tafiya. Zakara yana haurawa kai tsaye, na biyu zuwa na biyar su yi wasannin cike gurbi. Yawancin 'yan wasa suna da wata sana'ar, 'yan kallo ɗaruruwa ne a yawancin filaye, manyan cikinsu kan tara dubu ko fiye. Mai sayar da tikiti da mai yanke ciyawa da mai dafa shayi galibi 'yan sa-kai ne. Akwai kuma dokar da ke ba su ɗan numfashi: a Ingila ba a nuna wasa kai tsaye a talabijin daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yammacin Asabar. Wasan ƙarfe uku da ake kallo a gidajen kallo na Kano ko Maraɗi, mutumin Landan ba ya ganinsa kai tsaye a akwatinsa, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne kada ƙananan filaye su zama kufai.

A cikin ukun, wace asara ce ta fi yi mata illa?

A ganina ta 1920, kuma ba don yawan ƙungiyoyin da suka tafi ba. Illar ita ce sun tafi sun ja ƙofa. Shekara 59, daga 1920 zuwa 1979, zakaran gasar yana ɗaga kofi ba tare da sanin ko zai kai shi ko'ina ba. A 1979 da 2004 gasar ta sauka ƙasa, amma ta sauka cikin tsani: wanda ya haura yana barin gurbi, wanda ya faɗo daga sama yana cike shi, sau da yawa da magoya bayansa masu yawa. Cheltenham da Forest Green da Crawley da Burton duk sun ratsa ta nan suka kai Football League da ƙafarsu. Newport da Hereford, bayan sun rushe an sake kafa su, ta nan suka bi suna hawa.

Akwai masu ganin akasin haka, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa a shekarun 1950 da 1960, da yake babu mafita, manyan ƙungiyoyi sun taru a wuri guda shekara da shekaru, gaba ta yi tsami, wasa ya yi zafi, filaye suka cika. Yanzu kuwa duk wadda ta yi ƙarfi kaka ɗaya ko biyu take yi ta wuce, kamar fasinja a tasha, ga kuma sauya wa ƙungiyoyin kan iyaka rukuni da hukuma ke yi kusan kowace shekara. Gaskiya ne. Amma ka tambayi dattijon Chelmsford da ya ga ƙungiyarsa ta ci kambun 1972 aka ɗauki ta biyu, ko wane zamani ya fi so.

Haka ake yi a ko'ina in an kafa gasar ƙasa?

Jamus ta bi wata hanyar. Kafin 1963 gasanni biyar na yanki ne matakin ƙoli a Jamus ta Yamma. Da aka kafa Bundesliga aka zaɓi ƙungiyoyi 16, sauran suka zauna a gasannin yanki a matsayin mataki na biyu. Bambancin shi ne tun ranar farko akwai wasannin neman haurawa. Bayern Munich ba ta cikin 16 ɗin farko, maƙwabciyarta 1860 Munich aka ɗauka. Ta yi kaka biyu a gasar yankin kudu, ta haura a 1965 da matasa irin su Franz Beckenbauer da Gerd Müller. Da a tsarin Ingila na wancan lokaci take, sai ta jira alfarmar masu ƙuri'a. Duk da haka su ma gasannin yankin Jamus ba su tsira daga gangarowa ba, domin a 1974 an kafa rukuni na biyu na Bundesliga a samansu.

Har yanzu ana samun ɗan wasan kirki daga can?

Ana samu, jefi-jefi. Tyrone Mings yana Chippenham Town, ƙungiyar Southern League, lokacin da Ipswich ta ɗauke shi a ƙarshen 2012, daga baya ya buga wa Aston Villa da tawagar Ingila. A da ma an yi Tony Book, magini ne da ya shafe shekaru a Bath City, bai shiga babbar gasa ba sai yana dab da shekara 30, kuma shi ne kyaftin ɗin Manchester City da ta ci kambun 1968.

Wace ƙungiya ce ta ɗanɗana duk waɗannan matakai?

Ta garin Merthyr, wani garin kwal da ƙarfe a kudancin Wales. Merthyr Town tana cikin 21 ɗin da suka tafi a 1920. Da masana'antun garin suka durƙushe, aljihun 'yan kallo ya bushe, aka kaɗa mata ƙuri'ar kora a 1930. Ta dawo Southern League, ta rushe a 1934. Aka kafa sabuwa a 1945 da sunan Merthyr Tydfil, ta ci gasar sau biyar tsakanin 1948 da 1954, ta nemi a mayar da garin babbar gasa, masu ƙuri'a suka kau da kai.

A 1987 ta ci Kofin Wales, wanda ya ba ta tikitin gasar Turai ta masu riƙe da kofi. Aka haɗa ta da Atalanta ta Italiya, ƙungiyar da Ademola Lookman ya ci wa ƙwallo uku a wasan ƙarshe na Europa a 2024. A filin Penydarren Park, 'yan Southern League suka doke Atalanta 2-1. A Bergamo aka rama musu da 2-0, Atalanta ta wuce har wasan kusa da na ƙarshe. Merthyr ta ci kambun gasar karo na shida a 1989, wannan karon ta haura ba tare da roƙon kowa ba. Da Wales ta kafa gasarta ta ƙasa a 1992, ta zaɓi ta ci gaba da zama a tsarin Ingila. Ta sake faɗowa, bashi ya cinye ta a 2010, magoya baya suka kafa wata da tsohon sunan Merthyr Town, suka faro daga ƙasa, suka sake shigowa Southern League. A kakar 2024-25 ta lashe rukuninta, ta sake ficewa ta sama.